Haya a Gajimare

Sha ɗaya na dare a Jekadafari.
Janaretan maƙwabci ya yi tari biyu ya mutu,
saura ni da hasken allo
da takardar da Alhaji Manga ya dangwara mini bayan azahar:
"Dala tamanin da uku! Me muka saya a sama?
Gajimaren nan naku ko yayyafi bai taɓa yi mana ba."

Na sa kalmar sirri. Lamba shida ta faɗo a waya,
kafin in gama kwafa ta tsufa, aka aiko wata.
Ƙofa ta buɗe, bayanta ƙofa.
Gidan nan zaure ne cikin zaure,
ba mai gida,
ba yaron da za a aika ya yi sallama da shi.

Sunaye a hagu sun yi layi
kamar masu jiran awo a Tudun Hatsi:
ma'ajiya, injina, hanyoyi, makullai, izini.
Na danna injina. Biyu ne, na san su kamar yunwar cikina,
ɗaya na rajistar manoma, ɗaya na lissafin buhu.
Hayarsu ba ta kai rabin kuɗin ba.
To ta ina ɓeran yake shiga?

Mai neman akuyarsa har tulu yake leƙawa.
Na leƙa faifan da ba a jona da komai ba,
na ɗaga tsoffin kwafi na kakkaɓe.
Babu.

Sai idona ya kai kusurwar sama, wurin zaɓen yanki.
Ashe muna da ɗakuna a ƙasashen da ban taɓa takawa ba.
Na bi su ɗaya bayan ɗaya,
'yar da'ira tana juyi, tana juyi,
wayam,
wayam,
sauro yana karanta mini nasa lissafin a kunne.

A na bakwai, ga shi.
Ɗigo kore, idonsa biyu,
kwana ɗari huɗu da sha biyu bai runtsa ba.
Suna: kada-a-taba.
Wanda ya kafa: Lamela.

Lamela ɗan Kaltungo,
mai cin gyaɗa a kan madannai,
wanda ya koya mini kada in danna abin da ban karanta ba.
Hanyar Kumo ta karɓe shi bara da damina.
Mun raba teburinsa, mun mayar wa matarsa kofinsa,
ba wanda ya san ya bar fitila a kunne
a wani ɗaki bayan teku.

Jan maɓalli yana nan, share.
Ya ce in rubuta sunan da hannuna in da gaske nake.
Na rubuta ka, na rubuta da.
Kada.
Yatsana ya tsaya a nan.

Na koma baya na buɗe littafin ayyukansa.
Kullum biyar da rabi na asuba
yana ɗibar farashi daga lissafin da ni nake cikewa,
masara, wake, riɗi,
ya aika wa wayoyi ɗari biyu da sha huɗu
a Dukku, a Nafada, a Bajoga,
don kada ɗan kumbo ya tare mutum a bakin gona
ya saye guminsa da araha.
Na yau ma ya tafi. An karɓa.

Ban share ba.
Na sauya masa ɗaki, mafi ƙanƙanta, na dala tara,
na ɗaura ƙararrawar da za ta buga in kuɗi ya haura,
a gurbin mai kula na sa sunana,
na bar nasa a sama.

Gobe Alhaji zai sake tambaya.
Zan ce ya kira wani a Nafada bayan sallar asuba
ya ji ko an yi ruwa.

Caji saura tara.
Na danna fita, allon ya ce: kin tabbata?